Fatar da Na Ƙi Kwancewa a Bindigar Babana

Shekarun baya, lokacin ina aikin walda a Kafanchan, kaina cike da iska, ina ganin babu ƙarfen da zai gagare ni, na yi wa mahaifina wani gyara da har yau da shi nake kwana da shi nake tashi. Ban taɓa ba wa kowa labarin nan daga farko zuwa ƙarshe ba. Yau dai na ce bari in sauke.

Mahaifina manomin citta ne a wani ƙauye da ke gindin dutse, tafiyar rabin awa a mashin daga Kafanchan. Dattijo ne a coci, amma idan ka tambayi mutanen ƙauyenmu wane ne shi, ba za su ce maka dattijo ba, za su ce maharbi. Bindigarsa mai baki ɗaya ce, irin wadda ake karyawa a tsakiya a zura harsashi guda. Ya saye ta tun kafin a haife ni a hannun wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya, da lasisinta da komai. A ƙauyenmu, bayan an gama girbi ana fita farautar shekara, maza duka, da karnuka da ƙaho. Kuma babu wanda zai ɗana kunama sai mutum ɗaya ya yi harbin farko. Shekara da shekaru Baba ne mai wannan harbi.

Akwai wata al'ada da dole in yi muku bayaninta, domin a kanta komai ya tsaya. A wajenmu, dabbar farko da maharbi ya kashe da sabuwar bindiga, yana yanko fatarta tana ɗanya ya naɗe gindin bututun da ita, daidai gaban inda harsashi ke zama. Idan ta bushe sai ta kama ƙarfen gam. Duk shekara kuma, bayan harbin farko, yana shafa mata jinin abin da ya faɗi. Ita wannan fata ba a kwance ta. Ɗa ne yake kwance ta, kuma sai ranar da aka binne ubansa. Ɗan da ya kwance fatar bindigar ubansa uban yana da rai, to ya ce masa ya mutu ke nan. Fasto ya sha yi wa Baba magana a kan fatar nan, shi kuwa ya ce ba tsafi ba ne, tarihi ne, kuma ba ya hana shi addu'a.

To, sai tsufa ya shigo. Kafaɗar Baba ta dama ta fara ciwo, bindigar kuwa shuri gare ta kamar jaki. A farautar da ta gabata, da ya yi harbin farko sai da ya ja da baya ya zauna daɓas a ƙasa. Babu wanda ya yi dariya a gabansa, amma labari ya zagaya. Ya yi sati biyu ba ya iya ɗaga hannu ya sa riga. Daga nan aka fara ƙus-ƙus cewa lokaci ya yi da zai miƙa harbin farko ga wani.

Mahaifiyata ma tana tare da masu wannan ra'ayi. Ta ce masa, "Ka bar ma yara mana. Naman daji ya ƙare a duniya ne? Sai ka karye?"

Ya ce, "Wannan shekara kawai. In yi shi a tsaye, in miƙa da hannuna. Ba na so a tuna da ni a zaune a ƙasa."

Wallahi maganar nan ta shige ni. Na koma Kafanchan ina juya ta a raina.

Ni kuwa a lokacin sabon shiga ne a kallon bidiyo a waya. Injiniyan waya ke nan, wanda ya kalli abu sau biyu ya ce ya iya. Ana nan sai na ci karo da wani Bature mai gyaran bindiga yana bayani. Ya ce a cikin bututun bindigar farauta, gaba kaɗan da mazaunin harsashi, akwai inda ramin ke tsukewa kamar mazurari. Mu a gareji maƙogwaro muka sa masa suna. Ya ce a tsofaffin bindigogi maƙogwaron nan gajere ne, ƙwayoyin dalma suna fitowa da ƙarfi su ci karo da matsi farat ɗaya. Idan aka kankare shi ta ciki ya ƙara tsawo, sai su wuce a hankali, shurin ya ragu, harbin ya fi haɗuwa wuri ɗaya. Na kalli bidiyon nan ya fi sau goma. Na ce shi ke nan, na samo wa Baba magani.

Ina da aboki a bayan tashar jirgi, ya girme ni kaɗan, yana da injin sassaƙa ƙarfe. Mutum ne mai natsuwa, ba ya son gaggawa, shi ya sa nake masa tsiya ina ce masa hawainiya. Maharba sukan kawo masa ƙananan gyare-gyare, idan ya ga lasisi ya yi musu. Na nuna masa bidiyon. Ya kalla, ya ce aikin zai yiwu, ya taɓa ganin maigidansa ya yi irinsa, kuma yana da ƙarfen da ake kankarewa da shi. Ya ce in kawo ya duba tukuna.

Shawo kan Baba ne ya ɗauke ni wata guda. Duk Lahadi bayan an tashi daga coci sai in zauna kusa da shi in fara. Shi Hausarsa irin ta tsofaffinmu ce, ba ruwansa da mace ko namiji. Ya ce, "Bindigan nan ya girme ka. Wane maƙogwaro gare shi da za ka gyara?" Na zana masa a ƙasa da tsinke. Na ce ba za a taɓa komai a waje ba, ciki kawai, kuma ɗan kaɗan. Ya daɗe yana murza kafaɗarsa. Na san ba bayanina ne ya ci shi ba, tsoron sake zama a ƙasa a gaban mutane ne.

A makon da mahaifiyata ta tafi taron zumuntar mata a Zangon Kataf, kwana huɗu, ya kira ni ɗaki. Ya raba bindigar, ya naɗe bututun a tsohon zane, ya haɗa mini da takardar lasisi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Abu ɗaya. Kada ka taɓa fatan."

Na ce, "Haba Baba, ni ne fa. Na san abin da yake nufi."

Ya ce, "Ka dawo da shi kafin mamanka ya dawo. Ba na son surutu."

Washegari da safe na ajiye bututun a kan bencin abokina. Ya leƙa ciki da tocila, ya ce cikin lafiya lau, sumul. Sai ya ɗauko ma'auninsa, ya ƙwanƙwasa fatar da farce. Ta yi baƙi ƙirin, ta taurare kamar itace, faɗinta ya kai tafin hannu.

Ya ce, "Mutumina, sai mun cire wannan."

Na ce, "Ba ta ciruwa."

Ya ce, "Daidai ƙarƙashinta zan yi aiki. Zan rage ƙarfe ta ciki, dole in san kaurin da ya rage ta waje. Ka bari in yanka ta, mu auna, in mun gama mu mayar da ita da gam. Wa zai sani?"

Shi ba ɗan yankinmu ba ne, bai san nauyin abin ba. Na ji raina ya ɓaci kamar ya zagi ubana. Na ce masa, "Ka san abin da kake cewa kuwa? So kake in kashe babana da hannuna?" Na yi masa bayanin al'adar. Ya saurara, ya ce yana girmama al'ada, amma ƙarfe bai san al'ada ba. Ya ce in ba a auna ba shi ba zai yi ba.

Nan fa na shiga aikin da na fi ƙwarewa a kai, wato surutu. Na ce ya auna gaban fatar, ya auna bayanta. Ya auna, duka biyun da kauri. Na ce to abin da ke tsakiya daga sama zai faɗo? Ƙarfe ɗaya ne. Na ce ƙarfen da ne, ba irin na yanzu ba. Na ce wurin ma ai ya fi ko'ina samun kariya, tun da a rufe yake shekara da shekaru. Ku ji fa! Ni mai walda, wanda kullum yake ganin yadda ƙofa ke ruɓewa daidai inda ruwa ke kwanciya. Da na ga yana ta jan ƙafa, sai na fito da makamin ƙarshe, na ce, "In tsoro kake ji ka faɗa, hawainiya, in kai wa wanda ya iya."

Ya dube ni ya ce, "In ka kai wa wani zai ci fiye da yadda zan ci." Ya ɗaure bututun. Ya yi aikin a hankali, yana juyawa da hannu, yana zuba mai, yana fitarwa yana gogewa. Ya ce rabin abin da na nema zai yi, ba zai ƙara ba. Da ya gama ya miƙo mini ya ce, "Harbin gwaji, ka ɗaure ta a jikin itace ka ja da igiya daga nesa. Kada ka sa a kafaɗar tsoho sai ka yi haka."

Wannan kam na yi. A gonar Baba, na ɗaure ta a kututturen ɗorawa, na ja igiya. Ta tashi lafiya. Na duba, babu komai. Sai Baba ya karɓa, ya ɗora a kafaɗa, ya auna wani gidan tururuwa ya harba. Ya tsaya cak. Ya sauke bindigar ya dube ta, ya dube ni, sai ya fashe da dariya. Ban san ko da gaske shurin ya ragu sosai ba, ko kuwa sa rai ne. Ni dai na ga ya tsaya da ƙafafunsa.

Ya ce, "Kai! Ashe makarantan nan bai tafi a banza ba." Ya dafa kaina kamar ina ƙaramin yaro. A hanyar gida har waƙar coci yake yi. Na rantse muku ban taɓa jin kaina ya yi girma kamar ranar ba.

Ranar farauta ta zo bayan sati uku. An busa ƙaho da sassafe, muka hau gefen dutse, karnuka suna gaba. Ni ba maharbi ba ne, sanda ce a hannuna, amma na maƙale a bayan Baba don in ga abin da idona. Rana ta ɗan ɗaga karnuka suka tayar da gada daga cikin ciyawa. Kowa ya tsaya yana jira. Baba ya ɗaga bindiga, ya bi ta da baki, ya ja kunama.

Ƙarar ba irin wadda na sani ba ce. Ta yi kamar an buga babban faranti da ƙasa. Hayaƙi ya turnuƙe fuskarsa. Da ya washe, na ga bututun ya tsage ta gefe daidai bakin fatar, ƙarfen ya buɗe kamar ɓawon ayaba. Baba bai faɗi ba. Yana tsaye yana kallon hannunsa na hagu. Ni ne na faɗi a gwiwa ina ihu, ina kiran Yesu.

Ƙanen Baba ya yage rigarsa ya ɗaure hannun. Muka sauko da shi, aka sa shi a mashin tsakanina da direba, har Kafanchan. Jininsa ya jiƙa mini wando. A hanya Baba ya juyo ya ce, "An samu gadan?" Na ce ban sani ba. Ba a samu ba. Farautar shekarar a nan ta watse.

A asibiti suka cire babban yatsa da biyu na kusa da shi. Likita ya ce mu gode wa Allah da ƙarfen bai bi ta ido ba. Na gode, amma bakina kawai.

Kwana biyu bayan nan tsofaffin maharba suka zo dubiya, mahaifiyata tana zaune a bakin gado idonta ya kumbura. Babbansu ya yi gyaran murya ya ce, "Bindigar da ta yi shekara arba'in ba ta taɓa yin haka ba. Wani ya taɓa ta ne?"

Ina tsaye a jikin bango. Na buɗe baki, Allah ya sani na buɗe. Baba ya riga ni.

Ya ce, "Ba wanda ya taɓa. Tsufa ne. Ni da shi mun tsufa tare, shi ya riga ni gajiya."

Suka gyaɗa kai. Mahaifiyata ta ce, "Na faɗa maka! Ban faɗa maka ba?" Ta sake fashewa da kuka. Ni kuwa na rufe bakina, na bar tsoho mai yatsu biyu ya ɗauke mini kayana.

Da na je na gaya wa abokina, bai ce ai na gaya maka ba. Da ma ya faɗa, da na ji sauƙi. Ya zauna a kan benci ya riƙe kai, can ya ce, "Da na ƙi. Ni ne na san aikin, da na ƙi." Tun daga ranar bai sake karɓar bindigar kowa ba. Muna gaisawa har yanzu, amma zaman da muke yi da ya mutu.

Bayan an sallami Baba da kamar wata ɗaya, na je gida ranar kasuwa, mahaifiyata ba ta nan. Yana zaune a gindin mangwaro, hannun a naɗe. Ya ce in ɗauko masa bututun a ƙarƙashin gado. Na kawo. Ya zaro wuƙarsa ya miƙo mini ta ƙota.

Ya ce, "Kwance."

Na ce, "Baba, kana da rai."

Ya ce, "Manomi yana da rai. Maharbi ya riga ya tafi. Kwance mu gani."

Na yanka fatar. Da ƙyar ta ɓanɓaru, ta taho da ɓarɓashin tsatsa. Abin da ke ƙarƙashi ba ƙarfe ba ne kuma. Duk ya ciccinye, ramuka ramuka kamar gara ta shiga itace. A bakin inda ya tsage, kaurinsa bai wuce na gwangwanin madara ba. Shekara arba'in na jini da gumi da damina suna kwance a wurin, ni kuma na zo na kankare ɗan abin da ya rage ta ciki. Minti biyar da wuƙa da sun nuna mana wannan a kan bencin abokina.

Baba ya shafa wurin da yatsa ya ce, "Ashe jinin da nake ba shi ne yake cin shi."

Na ce, "Ba jini ba ne, Baba, ni ne. An ce mini a cire a auna, na ƙi. Ni na matsa."

Ya ce, "Na ce kada ka taɓa fatan, ka ji maganan ubanka. Ina laifi a nan?" Sai ya ƙara da cewa, "Kada mamanka ya ji. Ya rasa hannun miji, kada ya rasa ɗa."

Da ya zage ni, ko ya kore ni daga gidan, ina jin da na warke. Wannan yafiyar ita ce ta gama da ni.

Ya yi shekara shida a duniya bayan nan. Fartanya ta gagare shi, don ba a noman citta da hannu ɗaya. Gonar ta ragu, ta ragu, har ta koma ɗan fili a bayan gida. Idan an busa ƙahon farauta sai ya shiga ɗaki ya kunna rediyo da ƙarfi. Mutumin da ke cika gida da labari ya koma mai zaman shiru. Duk ranar Lahadi da na je, ni nake ɓalla masa maɓallan riga kafin coci, yana kallon sama, ina kallon ƙasa. Bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya.

Ranar da aka binne shi, tsofaffin maharba suka zo da bindigoginsu. A wajenmu idan an rufe kabarin maharbi, ɗansa na fari yana harba bindigar uban sama sau ɗaya, sallama ke nan. To babu bindiga. Babbansu ya miƙo mini tasa ya ce in yi da ita. Na karɓa, na kai ta kafaɗa, hannuna ya ƙi. Na tsaya a gaban jama'a har ƙanen Baba ya karɓe ya harba. Ina ji mata suna cewa, "Wayyo, dubi yadda yake son babansa." Har fasto ya ambace ni a wa'azi, ɗa mai biyayya.

Mutane suna so a ce musu an koyi darasi. Na koya, ba na musu. Yanzu a gareji ko ƙofar kaji aka kawo mini sai na kankare fenti na ga abin da ke ƙasa, masu kawo aiki har suna cewa na cika naci. Kuma idan wanda ya fi ni sanin aiki ya ce a'a, ina yin shiru. Amma kada in yi muku ƙarya, darasin bai saya mini komai ba. Bai mayar da yatsa ko ɗaya ba. Wani lokaci ina cewa al'ada ce ta cuce mu, wani lokaci in ce waya ce. Idan na natsu na san ba ko ɗaya. So nake a ce ni ne na gyara, shi ya sa ban saurara ba.

Mahaifiyata tana nan da rai, ta tsufa, tana zaune a wajena a Kafanchan. Ko a makon jiya da baƙi suka zo ta ba su labarin, ta la'anci tsohuwar bindigar da ta cinye mata miji, ta nuna ni ta ce, "Wannan ne ya ɗauko shi a mashin, da ba don shi ba da jini ya ƙare a hanya." Na yi murmushi na tashi na fita waje. Sau da yawa na shirya zan gaya mata, in tuna Baba ya hana, in ji daɗin samun hujja, sannan in ji kunyar jin daɗin.

Ita ba ta iya karatu ba, kuma ba ta riƙe irin wannan wayar. Shi ya sa na iya rubuta muku shi a nan. Tana ɗaki na kusa yanzu haka, tana kira na in zo in ci abinci.